Firosesata Tana Kai Digiri 98, In Sayi Na'urar Sanyaya Ta Ruwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Kwamfutata ta tebur ce, shekararta huɗu, firosesa Intel Core i5 da fankar da ta zo da ita a kwali. Da can shiru take aiki. Yanzu da na fara haɗa bidiyo sai fankar ta kama ruri, aiki ya koma tafiyar hawainiya, har sau biyu ta kashe kanta. Na sa manhajar duba zafi, ta nuna min digiri 98. Wani abokina ya ce in sayi na'urar sanyaya ta ruwa. In saya ne, ko akwai abin da zan fara yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kar ka sayi komai tukuna. Fankar da ta riƙe kwamfuta shekara huɗu lafiya lau ba rana ɗaya take yi mata kaɗan ba. Wani abu ne ya canza a cikin akwatin. A aikina na gyara, irin wannan koke abu biyu ne suka fi jawo shi: ko ƙura ta toshe hitsink, wato ƙarfen nan mai ganyayyaki da fanka ke zaune a kansa, ko kuma hitsink ɗin ya daina zama daram a kan firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar. Kowannensu ana gyara shi da buroshi da ɗan man da ake shafa wa firosesa da haƙuri. Kuma akwai yadda za ka gane wanne ne tun kafin ka kwance sukuru ɗaya.

Bari in fara kwantar maka da hankali kan lambar nan 98. Yawancin firosesocin Intel na tebur iyakar da aka yanka musu digiri 100 ce a ma'aunin Salshiyos, na AMD kuma 90 ko 95 gwargwadon samfuri. Idan firosesa ta doshi iyakarta ba ta tsayawa ta ƙone. Da kanta take rage gudu, ta rage wutar da take ja har zafin ya lafa, sannan ta sake yunƙurawa. Tafiyar hawainiyar da kake gani kenan, firosesar ce ke ceton ranta. Intel ta sa wannan kariya tun zamanin Pentium 4 da ta fito a shekarar 2000. Mu da muka taɓa tsofaffin Athlon na wancan lokaci mun san bambancin, domin su in hitsink ya faɗo suna aiki, cikin 'yan daƙiƙu sai hayaƙi. Taka ba ta ƙone ba, kuma da wuya ta ƙone.

Sannan ba kowane 95 ne ciwo ba. Jerin Ryzen 7000 da AMD ta fitar a 2022 da gangan aka ƙera su su yi ta ƙara gudu har su kai 95 idan aiki ya yi nauyi, a nan suke zama. Core i9-13900K kuwa an yarda mata ta ja wat 253, ko da babbar na'urar sanyaya sai ka ga tana wasa a wajen 100. Taka ba ta cikin waɗannan. Tunda ka ce da fanka ta zo a kwali, na san ba mai harafin K a ƙarshen lambarta ba ce, domin waɗancan babu fanka ake sayar da su. Taka 'yar wat 65 ce. Irinta, da fankarta ta asali a ɗaki mai matsakaicin zafi, in tana zaune ba aiki 30 zuwa 45 ya kamata ka gani, in tana haɗa bidiyo 70 zuwa 85. Saboda haka 98 a wurinka alama ce ta gaske.

Ka ɗauki zafin nan a matsayin matafiyi. Daga ɗan guntun silikon yake tasowa, wanda faɗinsa bai wuce farcen babban yatsanka ba. Ka tuna tsohon ƙwan fitila mai wat 60 da ba ka iya riƙe shi in ya daɗe a kunne, to kwatankwacin wannan wutar ce aka tara a kan farce guda. Daga silikon zafin ya hau murfin ƙarfen da kake gani a saman firosesa, daga murfi ya ratsa man da aka shafa, ya shiga gindin hitsink, ya bazu cikin ganyayyaki, fanka ta kwashe shi ta zuba a iskar akwati, fankokin akwati su fitar da shi zuwa ɗaki. Zango ɗaya ya toshe, duk sauran sun zama banza. Abin da ya sa nake hana mutane gaggawar sayen sabuwar na'ura kenan: sai mutum ya faɗaɗa zangon da ba shi da laifi, wanda ya toshe yana nan yadda yake.

Ga yadda za ka kama mai laifin. Task Manager na Windows ba ya nuna zafin firosesa, don haka ka yi amfani da HWiNFO ko Core Temp, duka kyauta ne. Kunna kwamfutar, ka bar ta minti goma ba ka taɓa komai ba, ka rubuta lambar. Cire murfin gefe ka ajiye kusa, sannan ka mayar da shi a jingine yadda za ka iya ɗaga shi da sauri. Yanzu fara haɗa bidiyon, ido a kan lamba, agogo a hannu. Abin da nake so ka lura da shi ba iyakar da zafin ya kai ba ne, saurin da ya kai can ne.

Idan tun tana zaune tana 55 ko 60, kuma da ka danna aiki ta yi tsalle zuwa 98 cikin daƙiƙa biyar ko goma, ɗaga murfin, ka fara taɓa ƙarfen akwati don wutar jikinka ta sauka, sannan ka kai yatsa a hankali gefen ganyayyakin hitsink, nesa da fukafukan fanka. Za ka ji su da ɗumi-ɗumi kawai, wani lokaci ma da sanyi. Firosesa na tafasa, ƙarfen da ke kanta bai sani ba. Wannan matsalar haɗuwa ce: ko mai ya bushe, ko hitsink ya ɗaga. Idan kuwa ta fara da 70 da wani abu, ta riƙa hawa sannu a hankali, 80, 86, 92, sai bayan minti goma ko sha biyar ta kai 98, kuma ganyayyakin sun yi zafin da ba ka iya daɗe da yatsa a kai, to zafin yana isa ƙarfe, kwashe shi ne ba a yi. Wannan ƙura ce ko rashin iska. A nan sai ka cire murfin gefen gaba ɗaya ka ci gaba da kallo. In lambar ta sauko da digiri takwas ko goma, akwatin ne ke shaƙe ta. In ba ta motsa ba, toshewar tana jikin hitsink ɗin kansa.

Wani abu da ke firgita mutane a banza: ka buɗe burauza, zafi ya yi tsalle daga 38 zuwa 60 na daƙiƙa biyu ya dawo. Wannan ɗabi'ar firosesocin yanzu ce, ba komai.

Mu fara da ƙura, domin a kwamfuta mai shekara huɗu da ba a taɓa buɗewa ba ita nake fara zargi. Hitsink ɗin Intel na kwali zagayayye ne, fanka tana hura iska daga sama zuwa ƙasa, ta cikin ganyayyaki. Ƙurar ba a saman fanka take taruwa ba, inda ido ke gani. A ƙarƙashinta take kwanciya, daidai bakin ganyayyakin. Haska tocila ta tsakanin fukafukan ka leƙa. Sau da yawa abin da nake tararwa wani toka-tokan bargo ne, ƙura da zaren tufafi da gashi sun saƙu, har kana iya ɗago shi da tsinke ya fito zagaye guda, da shatin ganyayyakin a jikinsa. Fanka tana ta ruri a kansa, iska ko kaɗan ba ta wucewa. Rurin da kake ji ma shaida ce cewa fankar da ranta, madabod, wato babban allon da duk kayan kwamfutar ke haɗe a kansa, shi ne ke ta umartarta ta ƙara gudu saboda zafin ya ƙi sauka.

Kashe kwamfutar, zare wayar wuta daga bayanta, ka danna maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙu don ragowar wuta ta fita. Fitar da ita waje, in ba haka ba ƙurar da ka kora ɗakinka za ta zauna, gobe ta koma inda ta fito. Da bulowa ta lantarki ko gwangwanin iska za ka hura, kaɗan-kaɗan. In gwangwani ne riƙe shi a tsaye, domin in ka karkata shi ruwa mai tsananin sanyi yake fesowa. Kowace fanka ka danne ta da yatsa kafin ka hura mata. Na san akwai daɗi ka ga tana juyawa tana kuka, amma gudun da ya wuce ƙima yana cinye mata gindi, kuma motar fanka in an juya ta da ƙarfi ita ma wuta take haifarwa ta tura wa madabod. Abin da ya manne ka bi shi da busasshen buroshi mai laushi. Kar ka hura da baki, yawu da tururin numfashi ba abokan lantarki ba ne, ƙurar kuma a idonka za ta ƙare. Injin zuƙar shara ma ban so a kai bakinsa jikin madabod. Ka bi ragar gaba, da ganyayyakin katin girafik in kana da shi. Akwatin wuta kuwa, wanda wayar lantarki ke shiga, daga waje kawai za ka hura masa. Kar ka buɗe shi ko da wasa, akwai kafasitoci a ciki da ke riƙe wuta mai haɗari ko bayan an zare waya.

Mayar da komai ka sake gwajin. In ta sauko 78 ko 80, shi ke nan, ka huta. In tana nan, ko kuma tun farko alamar tsallen gaggawa ka gani, sai mu sauka ƙasa.

Hitsink ɗin Intel na kwali ba da sukuru yake kamawa ba, ƙafafu huɗu ne na roba da ake dannawa su ratsa madabod. Kowace ƙafa kashi biyu ce: farar roba mai tsage a ƙasa, da baƙar roba da ke shiga tsakiyarta ta buɗa ta. Shekaru na zafi suna sa robar ta yi rauni, sai a ɗauki kwamfuta daga wannan ɗaki zuwa wancan, ƙafa ɗaya ta ɓalle ba wanda ya ji. Kama hitsink ɗin ka ɗan girgiza shi. Bai kamata ya motsa ba ko kaɗan. In kusurwa ɗaya tana rawa, ka kama ɓarawonka. Kuma ga tarkon da ke kama ko masu gyara: kibiyar da aka zana a kan baƙar robar hanyar cirewa take nunawa, ba ta ɗaurawa ba. Mutum ya bi kibiya ya danna, ya ji kamar ta kama, alhali a buɗe take. In za ka ɗaura, ka juya kowace ƙafa saɓanin kibiya, ka tabbatar tsagaggen bakin farar robar ya shiga rami bai lanƙwashe a gefe ba, sannan ka danna biyu masu kallon juna ta kusurwa, sai sauran biyun. Kowace za ka ji ta yi ƙas. In akwatinka yana da taga a bayan madabod, leƙa ka gani da idonka cewa duka huɗun sun fito.

Kafin ka cire hitsink, bar kwamfutar ta yi aiki minti biyar don tsohon man ya yi laushi, sannan ka kashe ta ka zare wayar wuta. Saki ƙafafun, ka ɗan murza shi hagu da dama, sannan ka ɗaga. Ga masu AMD mai soket AM4 (soket shi ne gurbin da firosesa ke zama a madabod) wannan murzawar wajibi ce, domin busasshen mai yana manne firosesa da hitsink, ka fizga ta fito tare da shi, allurorinta su lanƙwashe. Ta Intel akwai ƙarfen da ke danne ta, kuma ba ruwanka da shi. Kar ka buɗe shi. Allurorin cikin soket sun fi gashi laushi, yatsa ɗaya ya isa ya kashe madabod.

Kar ka yi saurin gogewa. Tsaya ka karanta shatin tsohon man tukuna, domin yana ba da labari. In ya bazu siriri ko'ina har kana hango ƙarfe ta cikinsa, zaman ya yi kyau. In ya taru da kauri a gefe ɗaya, ɗaya gefen kuma kamar ba a taɓa shi ba, hitsink a karkace yake zaune. In ya bushe ya tsattsage kamar laka a gindin tafki, yana faɗuwa gari-gari, ya gama aikinsa. Goge fuskokin biyu da sifirit na isofurofil mai kashi 90 ko sama, da ƙyalle marar zubar da zare, har su yi ƙyalli. Bari su bushe.

Man nan, wanda masu gyara ke kira tamal fes, mutane da yawa sun ɗauka shi ne ke sanyaya firosesa, don haka sai su labta shi. Ba haka ba ne. Murfin firosesa da gindin hitsink a ido sumul suke, amma a zahiri cike suke da 'yan ƙananan kwaruruka, kuma iskar da ke maƙalewa a cikinsu kusan ba ta wuce da zafi. A ma'aunin da ake auna wannan, jan ƙarfe yana wajen 400, alminiyam sama da 200, iska kuwa 0.026. Man yana tsakani, ko mai kyau ne da ƙyar yake wuce 10. Wato ya fi iska nesa ba kusa ba, amma ƙarfe ya fi shi nesa ba kusa ba. Aikinsa ya kori iska daga kwaruruka, ya bar ƙarfe ya kusanci ƙarfe iya yiwuwa. Ɗigo ɗaya a tsakiya mai faɗin milimita 4 zuwa 5 ya isa, nauyin dannawar hitsink zai baza shi. In firosesar doguwa ce irin ta soket LGA1700, ɗan gajeren layi a tsawonta ya fi. Da ka ɗora hitsink kar ka sake ɗagawa don ka leƙa, in ka ɗaga ka shigar da iska, sai ka goge ka sake. Kar kuma ka wahalar da kanka neman mafi tsada. Tsakanin mai kyau da mafi kyau 'yan digiri ne, tsakanin ɗaurin kirki da karkataccen ɗauri kuwa ashirin ne ko fiye. Man goge baki da giris ɗin mota ba sa cikin lissafi. Haka wanda ake kira ruwan ƙarfe: yana ɗauke da galiyam mai cin alminiyam, ga shi yana wuce da lantarki, ɗigo ɗaya ya zuba a madabod an gama.

Akwai wani da ya taɓa kawo min sabuwar kwamfuta da ya haɗa da hannunsa, da ƙatuwar na'urar sanyaya mai fanka biyu. Da an kunna sai 100. Ya riga ya ƙara fankoki uku a akwati, ya sauya mai sau biyu, har ya fara zargin firosesar jabu ce. Na kwance na juyo gindin na'urar. Ga man ya bazu gwanin kyau, a kan siririyar ledar da masana'anta ke liƙawa don kare ƙarfen, da jan rubutu ɓaro-ɓaro a jikinta cewa a cire kafin a ɗaura. Sau biyu yana goge mai a kan ledar bai lura ba, saboda ta kwanta luf kamar fatar ƙarfen. Na sa farce na ɓare ta a gabansa. Mun sake ɗaurawa, zafin bai ƙara wuce 70 ba. In ka taɓa sayen sabuwar na'ura, ka tuna da shi.

Iskar akwati ba ta da wuyar fahimta, amma ana yawan yin ta a baibai. Iska ta shiga ta gaba da ƙasa, ta fita ta baya da sama. Kowace fanka tana da fuska biyu: buɗaɗɗiya, da wadda ke da sandunan roba masu riƙe mota. Ta buɗaɗɗiyar take zuƙa, ta mai sanduna take fitarwa. In kana shakka, kusanto da 'yar siririyar takarda ka ga ko za ta manne ko za ta tashi. Na sha ganin akwati da duk fankokinsa ciki suke hurawa, ko ta baya tana faɗa da ta firosesa. Akwatuna da yawa kuma da fanka ɗaya tak suke zuwa, wasu babu ko ɗaya. Biyu a gaba masu milimita 120 da ɗaya a baya sun wadatar da kwamfuta irin taka. Na fi son mai shiga ta ɗan fi mai fita yawa, domin hakan na sa iska ta riƙa fita ta ƙananan ramuka maimakon ta zuƙo ƙura ta cikinsu, muddin akwai raga a gaban masu shigar. In kana da katin girafik mai ƙarfi, ka sani wat 150 zuwa 300 da yake ci a cikin akwatin yake zubar da zafinsu, kuma wannan iskar ce fankar firosesa ke shaƙa. Cire murfin gefe gwaji ne kawai, kar ya zama zama na dindindin.

Dubi inda ka ajiye ta ma. Teburan nan masu ɗan kabad na kwamfuta da ƙofa, rufaffe ta baya, tanda ne. Manna bayanta da bango shi ma haka, ba ta aƙalla tafin hannu guda. In akwatin wutarta ta ƙasa yake shaƙa, kar ka ɗora ta a kan kafet mai gashi. Kuma kar ka manta, babu fanka ko ruwan da zai sanyaya firosesa ƙasa da zafin ɗaki. Ɗaki ya ƙaru da digiri goma, ita ma kusan goman za ta ƙaru. Shi ya sa in kana gwada lambarka da ta wani, sai ka tambayi zafin ɗakinsa.

Ɓangaren manhaja gajere ne amma kar ka tsallake shi. Danna Ctrl da Shift da Esc, ka duba kashi nawa na firosesa ke aiki alhali ba ka buɗe komai ba. Ya kamata ya zama ƙasa da goma. In ka ga 60 ko 90, wani abu na cin wutarka a ɓoye, kuma manhajojin sata da ake saukewa kyauta sun shahara da shigo da masu haƙar kuɗin kirifto. Wasunsu ma da ka buɗe Task Manager sai su yi lamo, don haka ka lura ko fanka tana yin shiru daidai lokacin da ka buɗe shi.

Sai BIOS, wato shafin saitin madabod da ake shiga yayin kunna kwamfuta. Tabbatar wayar fankar a ramin da aka rubuta CPU_FAN take, kuma ba a saita ta a kan yanayin shiru ba. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne iyakar wuta. Wat 65 ɗin da aka rubuta a kwali ba shi ne ƙololuwa ba. Core i5-12400, misali, an yarda mata ta kai wat 117 in tana tsananin gudu, kuma masu ƙera madabod da yawa suna sakin linzamin gaba ɗaya don kayansu su yi fice a gwaji. Fankar kwali ba a yi ta don ta daɗe a can ba. A BIOS za ka ga PL1 da PL2, wato iyakar wuta ta dogon aiki da ta ɗan gajeren lokaci, ka mayar da PL1 kan 65. Masu AMD suna da Eco Mode da ke yin irin wannan aiki. Asarar gudun ba ta kai yadda kake tsoro ba, domin wutar da firosesa ke ci tana hawa ne da gudu, sannan da boltej sau boltej. Ƙarin gudun ƙarshe shi ne mafi tsada, ɗan kaɗan ne a aiki, mai yawa a zafi. In kana da aikin gaggawa yau kafin ka samu sukunin buɗe akwati, shiga saitin wuta na Windows ka mayar da iyakar ƙarfin firosesa daga kashi 100 zuwa 99. A yawancin kwamfutoci wannan yana kashe turbo, wato ƙarin gudun da firosesa ke yi da kanta, zafi ya faɗo nan take. Dabarar wucin gadi ce, ba gyara ba.

Yanzu maganar abokinka. Na'urar ruwa ita ma da iska take sanyaya. Famfo yana tura ruwa ya ɗauko zafi daga firosesa ya kai lagireto, kamar dai na mota, fankoki su hura. Ribarta ita ce lagireto yana da faɗi, kuma ruwa yana jinkirin ɗaukar zafi, shi ya sa a mintunan farko lambobinta ke burge mutane. In firosesa tana cin wat 200 zuwa sama, tana da gurbi. A kan 'yar wat 65 kuwa, ka sayo wa kanka sababbin hanyoyin lalacewa ne. Famfo yana mutuwa, kuma in ya mutu fankoki suna ta juyawa kamar lafiya alhali zafi ya tafi 100. Ruwan yana raguwa sannu a hankali ta jikin bututu cikin shekaru. In aka ɗaura ta yadda famfo ya fi lagireto tsawo, iska ta taru a cikinsa ya riƙa ƙugi. Kuma in matsalarka akwati ne marar iska, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

In bayan ka share, ka sake mai, ka ga har yanzu ƙarar fankar kwali tana damunka, abin da zan ce ka saya shi ne na'urar iska mai tsayi, mai bututun jan ƙarfe huɗu da fanka milimita 120. Bututun nan ba ƙarfe ne zalla ba. Rufaffu ne, an zuƙe iskar cikinsu an bar ɗan ruwa kaɗan, wanda ke zama tururi a gindi, ya tashi zuwa ganyayyaki ya huce, ya dawo ta jikin bangon bututun. Ba famfo, ba abin da ke motsi sai fanka, ita kuma in ta mutu a minti biyu ake sauya ta. Kafin ka biya, auna faɗin akwatinka, domin irinsu suna kai milimita 150 zuwa 160 a tsayi, kuma ka tabbatar akwai maɗaurin soket ɗinka a cikin kwalin, LGA1200 ne ko LGA1700. In mai sukuru ce, ka riƙa ɗaure su kaɗan-kaɗan ta kusurwa da kusurwa, kar ka ƙarasa ɗaya kafin ka taɓa sauran.

Abu ɗaya a tambayarka bai kwanta min ba, shi ne kashe kanta da ta yi sau biyu. Firosesar zamani in zafi ya dame ta rage gudu take yi, ba kasafai take kai ga ɗauke wuta ba sai hitsink ya rabu da ita sosai ko fanka ta tsaya cik. In ka tarar da ƙafa a ɓalle, to an samu bayani. In kuwa ka gyara komai, zafi ya tsaya a 75 ko 80, amma ta sake mutuwa tsakiyar aiki, ba gargaɗi ba shuɗin allon nan na kuskuren Windows, ka bar firosesa ta huta, ba ita ba ce. Ka juya ga akwatin wuta, wanda shi ma shekararsa huɗu yana shan ƙura, ko kuma ƙananan kayan da ke kewaye da soket masu daidaita wa firosesa wuta, waɗanda su ma zafi ke kayar da su in iska ba ta ratsa su. Kafin ka fara duk wannan, kwashe bidiyoyinka zuwa wani faifai na waje. In ka yi gwajin, turo min lambar da ka gani tana zaune, da wadda ta kai a daƙiƙa goma na farko, da ta minti goma sha biyar, da abin da yatsanka ya ji a jikin ganyayyakin.